Motar Gado da Baƙin Mai

A wani gari an yi wani magidanci da ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinsa. Motar ta sha tafiya, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba, domin kullum da safe marigayin yakan duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin ya tayar da ita. Shi kuwa magidancin wanke ta kawai yake yi, ya goge ta har ta yi sheƙi. In ya tuna da baƙin mai sai ya ce, "Gobe na duba." Gobe ta yi, ya sake cewa, "Gobe na duba."

Ran nan zai kai mahaifiyarsa asibiti saboda ciwon ƙafa. Da ta shiga mota ta ce, "Ka duba baƙin mai?"

Ya ce, "Na duba, Inna."

Suna tsakiyar daji sai inji ya yi ƙara, hayaƙi ya tashi, mota ta tsaya cak. Tsohuwa ta fito, suka kama hanya a ƙasa cikin rana, tana ɗingishi. Ta ce, "Kada ka damu, ɗana. Kai ka yi naka. Motar ce ta tsufa, ka sayar da ita."

Kunya ta rufe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba laifinta ba ne, Inna. Ban duba ba."

Tsohuwa ta miƙa masa hannu ta ce, "To, riƙe ni. Ƙafar ta gaji."