Sallama a Ƙarƙashin Teku

Kakar Abdussamad, wadda ta rene shi a Anbariyya cikin Madina, ta sha ja masa kunne kada ya shiga kango bai yi sallama ba, don ba a rasa masu gida. Ya girma ya zama mai nutso a teku, amma bakinsa bai bar al'adar ba.

Wata rana da hunturu, dab da magariba, shi da abokin aikinsa Tahir suka nutsa a gaɓar duwatsun da ke arewa da garin Yanbu, su duba wani tsohon jirgin ruwa na alhazai da ya daɗe kwance a ƙasan ruwa. Sanyin ruwan har cikin haƙori. Da ya kai ƙofar jirgin, sai ya yi sallama ta cikin robar numfashin da ke bakinsa.

Aka amsa.

Muryar tsohuwa ce, tar a kunnensa, kamar babu ruwa tsakaninsu. Ya waiga neman Tahir, sai ya hango fitilarsa can sama, ta zama ɗan ɗigo. Ya haska cikin jirgin da tasa fitilar. Mutane ne zaune a jere, kowa rungume da ƙullin kayansa, mayafai na lilo a hankali. Shi numfashinsa na tashi kumfa-kumfa, su kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga bakinsu.

Ya fara ja da baya. Wasu yatsu da suka fi ruwan sanyi suka damƙe wuyan hannunsa.

"Sannu da zuwa, ɗan nan," in ji tsohuwar, da irin Hausar da rabonsa da ji tun rasuwar kakarsa. "Mun daɗe a zaune. An iso ne? Kai za ka kai mu Madina?"