Mazan da Agana Ta Bari

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar sarkin da ya gina ganuwar gabas, ana dab da faɗuwar damina, Madawaki ya kawo shawarar yaƙi. Sarkin ƙetaren kogi ya tare ayari biyu, ya kwashe kayan fatake. Fada ta yanke cewa kowane gidan ƙauye ya ba da namiji ɗaya, aka ɗora wa Sarkin Noma tattaro su cikin kwana bakwai.

Shekara huɗu ke nan da cutar agana ta ratsa ƙasar. A birni an fara mantawa, amma Sarkin Noma ya san abin da ta bari. Gandun da maza goma ke nomawa ya koma hannun mutum biyu, sauran gonar ƙaya ta cinye. An sayar da awaki, an cinye irin shuka, marayu an rarraba su gidajen dangi. Shi kansa ya binne 'ya'ya uku da ƙanensa. Ya san in aka kwashe mazan da suka rage kafin shuka, yunwa za ta ƙarasa aikin annoba. Ya kuma san wanda ya musa wa Madawaki a gaban sarki ya rabu da rawaninsa, wani lokaci har da kansa.

Bai musa ba. Ya bi ƙauyuka gida gida, ya ce wanda ke riƙe da gidan ya fito.

A rana ta bakwai da hantsi ya jera su a ƙofar fada. Sarki ya fito, ya daɗe yana kallo. Ga tsofaffi masu dogara sanda, ga waɗanda cutar ta makantar ana jan su. Ƙarti ba su kai sulusi ba. A tsakiya kuma ga mace da fartanya a kafaɗa, matar ƙanen Sarkin Noma.

Madawaki ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan raini ne. Mayaƙa muka ce, ya kawo mana makafi da mata."

Sarkin Noma ya durƙusa. "Allah ya ja zamaninka, abin da ke akwai na kawo. Ban ɓoye kowa ba."

Sarki ya dubi matar. "Baiwar Allah, ina mazan gidanku?"

"Suna bayan gari a kwance, ranka ya daɗe. Ni ce namijin gidan, baki tara nake ciyarwa. In an ce in tafi zan tafi, amma a faɗa mini wa zan bar wa shuka."

Sarkin Noma ya sunkuyar da kai yana jiran dogarai su kama shi.

Can sarki ya ce, "Ku koma gona. Bana ba yaƙi." Ya umarci a buɗe rumbun fada a raba iri, dakaru kuma su ɗauki gatari su sare ƙayar da ta cinye gonaki. Madawaki ya fice ba sallama.

Sarkin Noma yana nan durƙushe, har sai da matar ta ce, "Yaya, tashi mana. Hadari na haɗowa, ni ko sharar gona ban gama ba." Ya tashi yana dariya, hawaye na zuba masa.

Masu ba da tarihi sun ce sarkin ƙetare, wanda shi ma annobar ba ta ƙyale ƙasarsa ba, ya kwashe manomansa ya kai su yaƙi wata nahiya. Bayan damina biyu talakawansa suka riƙa ƙetaro kogi da iyalansu, suna neman abinci da wurin noma. Sarkin Noma ya zaunar da su a kufai, aka yi auratayya, hanyar ayari ta buɗe ba a zare takobi ba.

Maroƙan fada ba sa ambaton wannan shekara, domin ba a ci gari ba, ba a kawo ganima ba. Amma a ganina babu shekarar da sarkin nan ya fi nuna ƙarfin mulki, don yana da ikon tura su duka su mutu, ya tsaya ya tambayi mace guda, ya kuma ji amsarta.