Hon Uku Kafin Jirgin Yamma

Tsakanin ƙaramin filin jirgin da mai sintiri ke aiki da wancan na bayan duwatsu kilomita ɗari uku ne da goma, tafiyar minti hamsin a sama. Ya haddace lissafin nan kamar sunansa. Da an bugo waya cewa jirgi ya taso, sai ya shiga tsohuwar motarsa ya zaga titin sauka, ya kori tsuntsaye, ya tsince duk abin da ya faɗo. Minti shida ya gama. Sauran ranar kuwa shi kaɗai ne, daga shi sai butar shayinsa, tun da matarsa ta rasu.

Tsohon da ya gada a aikin ya bar masa ƙa'ida ɗaya: da magariba, kafin ka hau titin, danna hon sau uku ka ce a ba da hanya, don akwai masu tsallakawa. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa tsallake ta ba, ko da yake abokan aikin da ke zuwa lokacin saukar jirgi na tsokanarsa wai yana yi wa ciyawa sallama.

Ranar nan autarsa ce a jirgin yamma, bayan shekara uku ba su ga juna ba. Ɗoki ya ɗebe shi. Ya hau titin babu hon, babu sallama.

A tsakiyar titin motar ta mutu.

Ya murza makulli, shiru. Ya ɗauki rediyo, sai shuuu kawai. Kukan gyare ya ɗauke ɗif. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, alhali an yi wata ba ruwa.

Kujerar gefensa ta lotsa a hankali.

Bai waiwaya ba. Da wutsiyar ido ya ga farin mayafi, da hannu mai dogayen yatsu a kan gwiwa.

"Minti nawa ne daga can zuwa nan?" in ji muryar tsohuwa, ƙasa-ƙasa.

"Hamsin."

"Dubi agogonka."

Ya duba. Arba'in da takwas sun tafi, shi kuwa zai rantse bai fi minti uku a titin ba.

Can gabas fitilu biyu suka ɓullo, suna saukowa daidai kansa. Ƙofar motar ta ƙi buɗuwa. Ba kansa ya tuna ba, autarsa ya tuna.

Ya danna hon. Ɗaya. Biyu. Uku.

"Ku yi haƙuri, Iya," ya ce da raɗa. "Ƴata ce a ciki. Ita kaɗai ta rage mini."



Sai motar ta motsa, injin a mace. Tayoyi suka gangara cikin ciyawa, jirgin ya tsaga ta bayansa da ƙarar da ta toshe masa kunne. Kujerar gefe babu kowa.

A ɗakin isowa autarsa ta rungume shi, ta ce ya rame, ta tambayi wa ke dafa masa abinci. Sannan ta ce ashe ma'aikata sun ƙaru, ita da ke jin tausayinsa wai shi kaɗai yake wuni. Ta tagar jirgi ta ga mutane sun fi talatin, duk da fararen kaya, suna tura motarsa.

Washegari ya ga sawun hannuwa a bayan motar, ya wanke da sabulu, suka ƙi fita.

Har yau yana danna hon sau uku. Sai dai yanzu yakan jira kaɗan kafin ya taka mota, kuma in zai zuba shayi, kofi biyu yake fitarwa.