Bulok Biyu a Ƙarƙashin Tamfol

Ƙarfe goma sha ɗaya saura aka kira ofishin 'yan sanda: injin wata motar tsere ya fashe a filin gwaji, wuta ta kama, direban yana asibiti.

Sufeto ya same shi an naɗe masa hannu biyu har kafaɗa. Guguwa ake ce masa, saboda gudu.

"Ranka ya daɗe, wannan ba hatsari ba ne," in ji Guguwa, yana cije leɓe. "Bulok ɗin motata mai silif ne. Ba zai tsage a zagaye na biyu ba."

"Yi mini bayani. Ni tuƙi kawai na iya."

"Bulok shi ne gangar jikin inji. Na kamfani bangonsa siriri ne, in ka ƙara wa inji ƙarfi ya kai doki ɗari tara, sai ya tsage. Shi ya sa ake rarake ramukan fistin, a cusa bututun ƙarfe mai kauri. Shi ne silif. Biyu na sa aka yi, nawa da na Auta."

"Wace ce Auta?"

"Ƙanwata. Ƙarfe huɗu za ta shiga gasa. Ni na ce ta hau, kada mu fita gaba ɗaya."

Sufeto ya duba agogo.

A filin gwaji, Sajan ya tsinto masa wani ɓallin ƙarfe kamar tafin hannu, baƙi ƙirin da mai. Sufeto ya goge shi, ya juya gefen da ya karye. Ƙarfen iri ɗaya ne, fari, siriri, babu wani bututu a jikinsa.

Daga nan suka wuce shagon Injiniya, mai gurzar ƙarfen da ya yi aikin silif ɗin. Yana ganin kaki ya kashe injinsa.

"Da idona na ga an ɗora bulok ɗin nan mai silif a mota," in ji shi.

Sufeto ya ajiye ɓallin a kan teburinsa. "To ina silif ɗinka a nan?"

Injiniya ya ɗauka, ya shafa da babban yatsa. Gumi ya keto masa.

"Wannan na kamfani ne, ko taɓa shi ba a yi ba. Gaskiya ban ga an ɗora ba, tsoro na ji. Na dai kai bulok biyun gareji da kaina. Duk bulok ɗin da ya fita daga nan, ina buga masa ɗigo uku kusa da mazaunin matatar mai."

"Wa ka miƙa wa?"

"Kawunsu, yayan mahaifiyarsu. Shi ke haɗa musu inji tun suna koyon tuƙi. Ko sannu bai ce mini ba. Cewa ya yi yaran zamani sun fi yarda da baƙo a kan wanda ya raine su."

Ƙarfe uku da minti ashirin suka isa garejin. Kawu yana zaune a kan tsohuwar taya, dattijo mai furfura, yana wanke sifana a cikin kwanon fetur. Wadda ya wanke ita yake sake wankewa.

"Baba, wane bulok ka saka wa Guguwa?"

"Wanda aka kawo mini. In ya fashe, ku tambayi mai silif."

"Ina na kamfanin da ka cire?"

"Na sayar wa 'yan gwangwan."

"Yaushe?"

Kawu ya ci gaba da wanke sifana. Sufeto ya bi garejin da ido: jak, tulin tayoyi, ramin duba mota. A lungun bayan kwamfaresa akwai tamfol sabo fil, a wurin da komai ya sha ƙura. Ya yi wa Sajan alama.

Sajan ya yaye. Bulok ne a kan katako, an shafe shi da mai, bakin kowane rami da zoben ƙarfe mai duhu. Sufeto ya durƙusa ya laluba, ya ji ɗigo uku. Sai Sajan ya ƙara jan tamfol ɗin, na biyu ya bayyana a bayansa.

Sufeto ya miƙe.

"Baba, motar Auta fa?"

Sifanar ta suɓuce cikin kwano.

"Ita ma," in ji Kawu a hankali.

Huɗu saura kwata. Sufeto ya kira Auta, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya kira ofishin filin, layi a cike. Ya sake kira. A karo na uku wani ya ɗauka, ƙarar injuna na cika kunne.

"Sufeto ne. Motar Auta, mai lamba tara, a kashe ta yanzu. Ko tana kan layi, a zare makullin."

Minti biyu ya yi yana jin hayaniya kawai. Sannan muryar ta dawo: an kashe, direbar ta fito tana faɗa.

Sufeto ya zauna a kan jak, ya sauke numfashi.

"Me ya sa, Baba?"

"Shekara talatin da biyu ina haɗa inji, bulok bai taɓa fashe mini ba," in ji Kawu. "A gaban mutane Guguwa ya ce ilimina ya tsufa. Na ce bari su ci gasa da na kamfani, sannan in yaye musu tamfol su gani. Na ɗauka zai ɗauke su."

"Da safe ka ga bai ɗauka ba. Ka zauna nan kana wanke sifana, ita kuma tana shirin hawa."

"Sau uku na ɗauki waya." Ya sunkuyar da kai. "Na kasa."

Sajan ya saka masa ankwa. A hanyar fita Kawu ya tsaya.

"Don Allah kada ku faɗa wa uwarsu ta waya. Hawan jini gare ta."

Amma tana bakin ƙofar gareji, daga asibiti take, ta zo ɗaukar wa ɗanta kayan sawa. Ta dubi ankwar, ta dubi fuskarsa.

"Yaya, ina za su kai ka?"

Kawu ya kawar da kai. Sajan ya buɗe masa ƙofar mota.