Satar Faifan Majigi a Sheme

Da hantsi Hadi mai bayanin majigi ya faɗo caji ofis na Faskari, hula a hannu, yana haki. Wai an sace faifan labarai daga motarsu a Sheme.

A shekarun nan, wajen 1957, majigi ne idon talaka. Motar hukuma ke yawo ƙauye-ƙauye, a kafa farin ƙyalle bayan magariba, hotuna su yi ta motsi ba murya. Hadi kuwa ya riƙe lasifika yana gaya wa mutane abin da suke gani, kamar su ba su da idanu.

"Me ke cikin faifan?" in ji Sufeto Nata'ala.

"Taron Yankara ne, ranka shi daɗe. Manoma na murnar sabon farashin auduga."

Sufeto ya dube shi kawai. Kaf ƙasar nan ba wanda bai san taron Yankara ba. Zanga-zanga ce manoma suka yi bara don an karya musu farashi, aka tarwatsa su da kulake, aka kwashe samari zuwa kurkukun birni. Mai ɗaukar hoto ya ɗauki komai, manya suka yanke ƙarshen, suka bar farkon inda ake ɗaga hannuwa.

Kafin Sufeto ya sa takalmi, saƙo ya iso daga sama: an san ɓarawon. Zailani tela ne, ɗan adawa, har an ɗaure shi, gobe alƙali zai tura shi gidan yari. Nata'ala ba abin da ya tsana kamar a miƙo masa ɓarawo tun bai ga ƙofar da aka ɓalle ba. Ya hau kekensa sai Sheme, Hadi na biye da shi.

A cikin motar komai na nan: bargo, garwar fetur, har agogon direba a rataye. Gwangwanin faifai ɗaya tak aka ɗauke.

"Jiya lafiya aka watse?" ya tambayi Hadi.

"Lafiya lau."

Wata mai ƙosai, Talatu, tana kankare kasko a gefe. Ta yi tsaki ba ta ɗago ba.

"Lafiya ina? Baba Sha'ibu ya tashi tsakiyar mutane, yat tahi har gaban ƙyallen shina shafawa. Ɗansa Gide ne aka nuno, bakinshi buɗe shina kuwwa. Wannan kuma shina ta faɗin wai ga saurayi na godiya."

"Ina Giden yake?"

"Ya rasu can kurkuku. Ko gawa ba a maido ba."

Hadi ya sunkuyar da kai. "Abin da aka ce in faɗa ke nan, ranka shi daɗe."

Zailani yana ɗaure a zauren mai gari, ido ɗaya a kumbure. Sufeto ya sa aka kwance shi, aka ba shi ruwa.

"Kai ka ɗauka?"

"Ni ne."

"Ina faifan?"

"Na ƙone shi."

"A ina?"

"Bayan gari."

"Tashi ka nuna mini tokar."

Zailani bai motsa ba. Sufeto ya sha ganin masu laifi suna rantsuwa ba su yi ba, amma mai rungumar laifi da sauri haka, lalle akwai wanda yake karewa.

Ya wuce rumfar ɗinkin Zailani. Ƙarƙashin keken ɗinkin akwai ƙyallayen farin alawayyo, sabon yanka. Ya jera su a kan tabarma. Yankan likkafani ne, amma ɗan ƙarami, ko jariri ba zai ishe shi ba. Ya leƙa ya tambayi liman ko an yi rasuwa a garin. Liman ya ce rabon Sheme da jana'iza tun kafin kaka.

Maƙabarta na gabas da gari. Tun daga nesa ya hango tsoho a durƙushe, yana jera ƙaya a kan wata 'yar sabuwar kushewa don kada dabbobi su tone. Nata'ala ya jingine keke, ya cire hula, ya yi sallama.

"Baba, wa aka rufe nan?"

"Gide," in ji tsohon, bai ko waiwayo ba.

"Gide na birni, Baba."

"Abin da nas samu nasa ke nan." Ya zauna a ƙasa, ya kakkaɓe hannu. "Yaro, ban wanke ɗana ba, ban sallace shi ba, ban san inda aka sa shi ba. Jiya sai ga shi tsaye gabana. Ashe suna yawo da shi cikin gwangwani gari-gari, su tada shi duk magariba, su sa mai maganar da bai yi ba. Mamaci kuma ai kwanciya shika so. Da suka tahi cin tuwo gidan mai gari, na ɗauko shi. Zailani likkafani kaɗai ya yanka mini, don abokin Gide ne."

"Gobe za a ɗaure shi saboda wannan."

Tsohon ya ɗago a karo na farko. "Ba a gaya mini ba. To, a sake shi, ni ne ɓarawon. Abu guda nika roƙo, kada a tone."

Tausayi ya kama Nata'ala har ya rasa inda zai sa idonsa. Doka na son a kai mata faifai a gaban alƙali, amma ya ce a ransa amsa laifin ma ya isa. Ya bar ankwa a aljihu.

Aka saki Zailani, ya fito yana kuka, yana cewa, "Baba, da ka bar ni." Tsohon ya dafa kansa kurum, ya bi Sufeto. Nata'ala na tura keke, Baba Sha'ibu na gefensa, fuskarsa a sake irin ta wanda ya sauke kaya.

Sun kusa fita gari sai ga motar majigi ta biyo hanya, za ta Sabuwa. Ashe tun da rana an aiko da wani faifan daga Kankara, don irinsa suna da yawa a ajiye. Muryar Hadi ta fito ta lasifika:

"Jama'a, yau bayan magariba! A zo a ga manoman Yankara suna godiya!"

Baba Sha'ibu ya tsaya cak. Ya bi motar da kallo har ta ɓace, sannan ya juyo a hankali.

"Yaro, ba na rufe shi ba?"

Sufeto Nata'ala ya kama hannun tsohon, suka ci gaba da tafiya.