Wadda Ta Rako Ni Daga Kangon Khmer

Ku matso nan kusa da tabarma. Barira, rage fitilar nan, ba biki ake ba. Ku kuka matsa sai na ba ku labarin abin da na gani a ƙasar Tailan. To zan bayar, amma wanda ya katse ni da shirme zai kwana da shatin yatsuna a kumatu. Ba tatsuniya ba ce.

Kun san sana'ata. Siliki nake sarowa a Bankok ina kawowa Kano. Ban yi boko ba, Turancina na kasuwa ne, a bakin dillalai na tsince shi. Su ɗin ne suka ishe ni da ƙarya, na rantse sai na taka da ƙafata har inda ake saƙar. Aka kwatanta min wani ɗan gari can gabas, dab da iyakar Kambodiya. Na hau mota da asuba, ban sauka ba sai da rana ta karkata.

Garin bai kai unguwarmu girma ba. Titi ɗaya, kasuwa ɗaya mai watsewa kafin hantsi. Sauran duk gonar shinkafa ce, da wasu baƙaƙen shanu masu kama da ɓauna kwance cikin taɓo. Gidajen na katako ne a kan dogayen ƙafafu, mata na zaune a ƙarƙashi suna saƙa. Na sauka wajen wata tsohuwar masaƙiya mai suna Mae Bunsi. Turancinta bai kai nawa ba, da hannu muke ƙarasa magana. Mace mai kirki. Ta gane ba na cin namansu, kullum kifi take gasa min.

A bayan garin akwai wani kango. Haikali ne na sarakunan Khmer na da can, mutanen da suka mulki yankin tun kafin a san kakannin kakanninmu. Daga ƙarƙashin gidan Mae Bunsi ana hango tsininsa, ja, a tsakanin itatuwa. Da rana Turawa kan zo su ɗauki hoto. Rana na yin sanyi kowa ya watse, har mai gadin.

Ran nan da la'asar ina ninke siliki, waya ta shigo. Babanku ne.

Ya ce, "Hurera, sai haƙuri. Innarki ta cika cikin dare. Yanzu muka dawo daga kai ta."

Na ce, "To."

"Kin ji ni kuwa?"

"Na ji, Kawu."

Bakina ya yi innalillahi. Shi kaɗai ya yi abinsa. Na ajiye wayar, na ɗauki silikin da nake ninkewa, na ƙarasa shi, na ɗauki na gaba. Kore ne mai ratsin ruwan goro, har yau ina tuna shi. Ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Kun san yadda ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, ka tsungule ta ka ji kamar ta wani ce? Haka na koma gaba ɗayana.

Na tashi na saka takalmi. Mae Bunsi ta ga inda na dosa, ta kira ni. Ta nuna rana, ta nuna kangon, ta kaɗa hannu alamar a'a. Na ɗaga mata kai na wuce.

"Yaya, ke kaɗai?"

A'a Mudi, da gayyar unguwarku na tafi. Rufe min baki.

Ruwa ne ya kewaye kangon, duk bado ya rufe shi. Hanya ɗaya ce ta shiga, wata doguwar gada ta dutse. Gefe da gefenta macizai ne na dutse, kowanne kawuna rututu a wuya guda. Na bi ta kai. Ba tsuntsu, ba kwaɗo. Takalmina kaɗai nake ji.

Na isa ƙofar. Doguwa ce, cikinta duhu, tana warin jemage. A nan na yi abin da Bature ba zai yi ba, ɗan garin ma ba zai yi ba, sai Bahaushe. Tun muna yara an horar da mu ba a shiga ko'ina kamar akuya. Ban yi tunani ba. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Salamu alaikum, masu gida."

Malamai sun ce in za ka shiga inda ba kowa, kanka kake yi wa sallama da bayin Allah nagari. Ni masu gida na kira.

Aka ce, "Wa alaikumus salam. Shigo mana."

Da Hausa. Hausar ma ta cikin gidanmu, da ɗan karkarwar nan da muryar Inna ke yi tun da haƙoranta na gaba suka fita.

Ban firgita ba. Ku ji da kyau, ban ji komai ba. Na cire takalmi na riƙe a hannu, na shiga.

Jikin bangon duk mata ne da aka sassaƙa, a jere, kowacce cikin gurbinta. Suna murmushi. Jikinsu na fuskantarka, amma ƙafafunsu duka biyun gefe suke kallo, haka masassaƙan suka yi su. Gurbi ɗaya ba kowa a ciki. A ƙasansa wata tsohuwa na zaune, ta ja mayafi har kan hanci.

Ta ce, "Hurera."

Kun san ni ce 'yar farin Goggonku. Kun taɓa jin ta kira sunana? Ko sau ɗaya? Daga "ke" sai "waccan". Ko wata Hurerar ta zo gidan, sai dai ta ce mai sunan yarinyar nan. Na haihu, na yi furfura a gefen kunne, ban taɓa jin sunana a bakin uwata ba. Sai ranar, a cikin warin jemage.

Na san ba daidai ba ne. Na durƙusa duk da haka.

"Ina wuni, Inna."

"Lafiya lau. Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Kin rame."

"Hanya ce."

Wani ruwa na ɗiga can ciki.

Na ce, "An ce kin rasu."

Ta ce, "An ce."

Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Ta tambaye ni ciniki, na ce da godiya. Ta tambaye ni ko ƙafar nan tawa ta daina kumburi. Hasken ƙofa ya koma ja, ya koma toka. Sai ta ce, "Magariba ta kawo jiki. Tashi mu je in raka ki."

Ta miƙe. Ta fi Inna tsawo. Na ga haka, na ajiye shi gefe kamar yadda ake ajiye kayan da ba za a saya ba.

Muka fito kan gadar, tana gefena na hagu, ɗan baya kaɗan. Ba na jin takunta. Abin da nake ji wani gurzo ne, kamar ana jan turmi a kan siminti. Gurr. Shiru. Gurr.

Na sunkuyar da kai na duba.

Ƙafafun na dutse ne. Ja, da gansakuka a tsakanin yatsu, da munduwa a idon sawu, ita ma ta dutse. Gaba muke tafiya, su gefe suke kallo, duka biyun, wajen ruwa.

Barira, saki hannuna, za ki karya min yatsa.

Na ɗago kai na ci gaba da tafiya. Ban gudu ba, ban yi ihu ba. Ko ayatul kursiyyu na nema a kaina, na tarar da wajen fayau. A raina na ce to, ƙafar dutse ce, sai me? Muryar dai tata ce.

Na ce, "Har ina za ki raka ni, Inna?"

"Har gida."

"Gida da nisa."

"Na sani. In je in ga Sadi da Zulai."

'Ya'yana. A ɗakin Inna na bar su da zan taho, kamar kullum.

Ta ce, "Zulai ba ta barci sai a bayana. Ki bar min ita. Ni zan goya ta."

Gurr. Shiru. Gurr.

Na hango ƙarshen gadar. Mae Bunsi na tsaye da tocila, yatsun ƙafarta dab da dutsen farko, amma ba ta taka ba. Ba ni take kallo ba, ba kuma gefena ba. Ƙasa take kallo, ta haɗa tafin hannu, tocilar a tsakaninsu. Ta ɗaga murya da guntun Turancinta.

"Kar ki fito da ita. Madam, kar ki fito da ita."

Ba sai ta yi min bayani ba. Wa ya fi mu sanin rakiya? Mai gida ba ya juyawa don kansa. Yana bin ka ne har sai kai baƙon ka tsaya ka ce masa ya koma haka. In ba ka faɗa ba, yana tare da kai, ko ina za ka. Ni na yi wa mai ƙafar dutsen nan sallama, na zama baƙuwarta. Ni kaɗai ce zan iya mayar da ita. In ta sauka daga gadar nan tare da ni, mota za ta hau, jirgi za ta hau, ta shiga ɗakin Inna ta ɗauki Zulai ta ɗora a bayan nan na dutse.

Na san wannan sarai. Amma bakina ya ƙi. Ni da nake wanke dillalan Bankok tas da harshe biyu, kalma uku ta gagare ni. Yaya mutum zai ce wa uwarsa ta koma, ran da aka ce masa an binne ta?

Mun kusa macizan ƙarshen gadar. Ina ganin kawunansu.

Na tsaya. Gurzon ya tsaya.

Na ce, "Inna, ki sake faɗa."

"Me?"

"Sunana."

"Hurera."

"Ki ƙara."

"Hurera."

Na saurare shi har ya gama shiga kunnena. Sannan na ce, ban juya ba, "To, ki koma haka. Na gode da rakiya."

Ta ce, "Ba kya so in zo?"

"Ki koma haka."

"Zulai fa?"

"Tana da uwa."

Kar ku ce jarumta ce. Ko zuciyata ba ta buga ba. Na faɗa ne kamar yadda nake ce wa mai kaya ban saya ba.

Ta ce, "To. Tun da ke kika sallame ni." Na ji wani abu mai sanyi ya taɓa kunnena na hagu, kamar yatsa. "Abin da kika sallama, kin sallama."

Gurr. Gurr. Yana nisa, yana nisa, har ruwan ya haɗiye shi.

Na taka ƙasa. Mae Bunsi ta cafke hannuna ta ja ni, ba ta bari na waiwaya ba har gida. Ta zaunar da ni, ta wanke min ƙafa da ruwan ɗumi, tana ta magana da yarensu kamar mai faɗa da yaro. Ita ce ta yi kukan. Ni ina kallon hannunta. Da gari ya waye na ɗaure kayana na hau mota.

Na iso gida ana zaman makoki. Na tarar da Zulai tana barci a bayan mamarku, lafiyarta ƙalau. Na taɓa ta, jikinta da ɗumi. Na ce alhamdulillahi.

Ran sadakar bakwai babanku ya tara mu a ɗaki. Yana da muryar Inna a waya, ya ɗauka wajen wani suna tana sa wa jariri albarka. Ya kunna. Ɗakin ya rushe da kuka, har maza.

Ni wata tsohuwa na ji tana magana. Ban san ta ba.

Na ce, "Kawu, wace ce wannan?"

Ya dube ni kamar na zage shi.

Har yau haka nake. Ina tuna fuskarta, ina tuna zanenta, duk faɗan da ta taɓa yi min ina iya jera muku shi kalma kalma. Amma da muryata nake jin su. Tata ta koma ta kan gadar nan, ni na ce ta koma.

"Yaya, da ba ki ce ta koma ba fa?"

Da yanzu ba Zulai ce ke kwance a ɗakin can ba, Mudi. Ko kuma ita ce, amma ba za ka so ka ga ƙafarta ba.

Saboda haka ku buɗe kunne. Duniya da faɗi, wata rana wani cikinku zai je ƙasar mutane, a nuna masa tsohon gini a ce je ka gani. Ka je da rana, ka je cikin jama'a. In 'yan gari sun watse, ka watse. In an yi maka rasuwa, ka zauna inda ake ganin fuskarka, kar ka bi hanyar kango kai kaɗai. Kuma in ka tsaya a ƙofar da ta shekara ɗaruruwa ba wanda ya kwana a bayanta, ka riƙe ladabinka a baki. Kar ka kira masu gida.

Suna nan. Kuma suna amsawa.