Usur ɗin Koci Gwadabe

Dokar Koci Gwadabe ɗaya ce: yaro ba ya barin gudu sai ya ji usur. Da ita yake horar da 'yan gudun dogon zango a Enugu, har ranar da ɗalibarsa Hephzibah ta yanke jiki ta faɗi a hanyar tudu, ba ta sake tashi ba. Ta rasu. Iyaye suka janye 'ya'yansu, saura uku.

Bayan shekara guda ya fita kafin asuba yana zuba toka a hanyar, alamar da yaran za su bi. Sai ga wata a guje. Ko'ina tsakuwa ce, amma ko takunta bai ji ba. Ta iso gefensa tana ta ɗaga ƙafafu a wuri ɗaya. Ba haki, ba gumi, sai wani sanyi da ya ratsa shi.

"Koci, na gaji," in ji ta. "Saura zagaye nawa?"

Muryar Hephzibah ce.

Ya kai usur baki, ya busa, ya sake busawa. Iska kawai ke fita.

Ta ɗan saurara, ta sunkuyar da kai.

"To, Koci."

Ta juya ta sake kama tudun.